Zangonmu a Yashin Kogi

Ranar sadakar arba'in ɗin babanku ina zaune a ƙofar ɗakina, cikin takaba, ana ta shige da fice da kwanukan waina, sai na ji muryar Nasiru daga bayan rumbu yana ba amaryarsa labarin gidanmu. Ya ɗauka ba na ji. Kun manta a gaban aji na tsufa, kunnena ya saba tsinto mai raɗa daga bencin ƙarshe.

"Allah ya jiƙan Baba," in ji shi, "mutumin kirki ne, amma gaskiya shi ya jawo wa Yaya Dije ƙafarta. Wa yake ajiye mota da iyali a tsakiyar kogi?"

Ban tanka ba, don ranar ba ta magana ba ce. Amma abin ya tsaya mini a rai. Kai Nasiru, shekararka huɗu a lokacin, iyakar abin da ka sani game da ranar nan shi ne ruwa ya tafi da takalminka ƙafa ɗaya, ka yi ta kuka a kansa har muka iso gida. Sauran duk a bakin mutanen gari ka tsinta, su kuma ba su je wurin ba. Ni na je. Shi ya sa na ce kafin in bi babanku sai na rubuta muku wannan babin da hannuna, ko da bayan kun karanta za ku canja yadda kuke kallona.

Sunan nan da Nasiru ya ambata, kun san ba ku taɓa jin sa a bakina ba. Yanzu ma da na rubuta shi sai da hannuna ya yi nauyi, na lallashi kaina da cewa ai maganar wani nake kwafa. Ita ce 'yata ta fari, kuma a gidan da na tashi, can rugarmu ta wajen Rogo, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa. Innata har ta koma ga Allah ban ji ta ambaci sunan babban wanmu ba, in ya shigo gaishe ta sai ta juya tana gyaran ƙwarya. Ba wanda ya ce ba ta son sa. Kowa ya san kunya ce, kuma macen da ta fi riƙe ta ita ake nunawa a ce 'yar gidan mutunci. Da na haifi yayarku, ana yaye ta aka kai ta wurin Inna, sai da ta isa shiga makaranta ta dawo hannuna a Karaye. Allah da ikonsa, wata shekara ta faɗo ajina. Kullum da safe in buɗe rajista in kira yara ɗaya bayan ɗaya, in na zo kanta sai in ce "mai bi mata", ita kuma ta ce "ga ni", 'yan aji su ƙunshe dariya. A gida kuwa "ke" ce, ko "waccan", ko in ce wa Rabi "gaya wa yayarki". Ku da kuke ɗora hoton 'yan farinku a waya kuna rubuta sunansu da manyan baƙaƙe, na san da wuya ku gane. Ni a wurina abin kamar mayafi ne, ban taɓa tunanin fita ba shi ba.

Babanku kuwa Bahaushen Karaye ne, direba tun yana saurayi, kuma mutum ne da in ya ga abu a tafiya sai ya kwaso mana shi gida. Lokacin da yake tuƙa babbar mota ya sha zuwa ƙasar duwatsu can kudu da mu, inda ya ce ya ga wasu mutane da motar da ke da gado da murhu a cikinta. Sai su yada zango a bakin tafki tsakanin tsaunuka, da matansu da 'ya'yansu, su kwana uku ba abin da suke yi sai kamun kifi da kallon ruwa. Abin ya shiga ransa ya zauna. Da Allah ya hore masa tasa bas ɗin, wadda yake jigila da ita tsakanin Karaye da Kano, ya sa mai walda ya gyara kujerun baya yadda za a iya cire su a mayar. Ya sayo tamfol, ya sa aka ɗinka masa gidan sauro mai faɗin motar, ya tanadi risho da jarkoki biyu da fatsa. Ranar da ya fidda kujerun a ƙofar gida ya shimfiɗa katifa a ciki, unguwa ta taru kallo.

"Direba, lafiya? Ko Malama ce ta kore ka daga ɗaki?" in ji maƙwabcinmu mai shayi.

"Iyali zan kai shan iska bakin dam."

"Ikon Allah! Iskar gidanka ƙarewa ta yi? Mutum da ɗakinsa da rufin kwano ya tafi kwanan daji. Ka auro Bafulatana ta mai da kai ɗan ruga."

Ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa. Ni a fili na nuna ba na so, na ce abin kunya ne a ga malamar makaranta tana girki a jeji. A raina kuwa ɗoki nake yi fiye da ku. Na daɗe ban kwana inda ake jin kukan shanu ba, kuma a shekarar Baffana, kakanku, ya yi mashekari da garkensa kusa da inda wani kogi da ya taso daga wajen Rogo yake zubawa cikin dam. Na ce in dai za a tafi, to can za a je.

Hutun makaranta ne, ƙarshen bazara, zafi ya kai inda ko bango ka jingina da shi sai ya ƙona ka, ruwa kuma bai sauka ba tukuna. Wurin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Duwatsu hagu da dama, kanya da tsamiya a kan gaɓa, can ƙasa kuma ruwan dam a shimfiɗe har inda ido ya tsaya, da kwalekwalen masunta jefi-jefi. Kogin kansa a bushe yake, fari fat da yashi, sai gurbi guda a tsakiya, gindin wani falalen dutse, inda ruwa ya kwanta. Babanku ya zaga kan gaɓa ya ga ƙaya da kututture da gidajen tururuwa, ya leƙa cikin kogi ya ga yashi sumul. Akwai wata gangara da masu ɗiban yashi suka fasa, ta nan ya sauka da motar, ya tsayar da ita inda yashin ya yi tauri, ya juya hancinta yana kallon hanyar fita. Ya kafa tamfol daga rufinta zuwa sanduna biyu, muka samu inuwa. Ku biyu, Rabi da Nasiru, kafin a gama sauke kaya kun riga kun tuɓe kuna birgima.

Da yamma Baffa ya zo yi mana sannu da zuwa. Ku tuna shi da babanku surukai ne, ba sa haɗa ido, ba sa doguwar magana. Babanku ya cire takalmi ya tsuguna daga nesa, suka yi ta gaisuwa, ya hanya, ya iyali, ya shanu, ya zafi, kowa yana kallon ƙasa. Da aka gama, Baffa ya dogara sandarsa ya dubi motar, ya dubi yashin, sannan ya juya gefe yana magana kamar da wata saniya yake.

"Mu dai tun wancan makon muka kwashe maruƙa daga cikin yashin nan."

"Allah ya ƙara albarka, Baffa," in ji babanku.

Shi bai gane ba, ya ɗauka labarin kiwo ake ba shi. Ni na gane sarai. Dattijon Bafulatani ba zai dubi surukinsa ya ce masa ka yi kuskure ba, iyakar abin da zai iya faɗa ke nan, sauran aikina ne. Bayan ya tafi na ce wa babanku Baffa yana nufin mu hau tudu. Ya ɗaga kai ya duba gabas da yamma.

"Malama, dubi sama, wasai. Kwana biyu ne fa. Can tudu kunama ce za ta harbe mana yara."

Da na dage da ya tashi, don bai taɓa ƙin maganata ba in ya ga na kafe. Ban dage ba. Yashin ya yi mini daɗi a ƙafa, ba sai na share ba, ba sai na bi ku ina cire ƙaya ba, ruwan wanke-wanke kuma ga shi kusa. Na ce a raina Baffa tsufa ne ya sa shi tsoro.

Washegari da sassafe babanku ya sauka bakin dam ya dawo da tarwaɗa biyu da 'yan karfasa, yana tafiya kamar wanda ya kasho zaki. Yayarku, shekararta goma sha biyar, ta karɓa ta gyara, ta ce a bar mata girkin. Ba a taɓa sakar mata tukunya ita kaɗai ba sai ranar. Miyar ta yi daɗi har babanku yana suɗe yatsa yana kiran sunanta yana sa mata albarka. Da na gama ci ta zo ɗaukar kwano, ta durƙusa a gabana, ba ta tashi ba.

"Inna, ta yi?"

Na ji daɗin miyar, na ji daɗin tambayar ma. Amma matan rugar Baffa biyu suna zaune tare da ni, sun kawo mana nono. Na juya wurin Rabi.

"Ce wa waccan ta ɗauke kwanon nan, ta kawo wa baƙi ruwa."

Matan suka yi murmushin yabo, ɗaya ta ce zaman gari bai lalata ni ba. Ita kuma ta ɗauki kwanon ta tafi. Ban ga fuskarta ba, don ban duba ba.

Bayan azahar iska ta canja. Hadari ya haɗu can kudu da mu, baƙi ƙirin, ya bi ya yi yamma wajen Rogo, muna hango walƙiya muna jin tsawa sama-sama. A kanmu ko ɗigo bai sauka ba, rana ma tana nan. Babanku ya ce, kin gani, ya wuce mu. Muna idar da la'asar aka aiko cewa Baffa ya yi baƙi, dattawa biyu 'yan'uwan Inna daga Kafin Dafga, in zo mu gaisa. Na kama hannun Rabi da Nasiru muka hau gaɓa. Dattawan suna zaune a gindin tsamiya daf da bakin kogi, na durƙusa daga gefe na ja mayafi. Daga inda nake ina ganin komai a ƙasa. Babanku yana kan rufin mota yana ƙara ɗaure tamfol don iska ta fara fizgarsa. Yayarku kuma tana can wurin gurbin ruwa, ta ba mu baya, tana dirzar tukunya da yashi.

Ana cikin gaisuwa na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali wadda nake durƙushe a kai a bushe take ƙayau. Sannan na ji wata ƙara daga nesa, kamar garke yana gudu a kan fako. Na waiga hagu. Can inda kogin ya yi kwana tsakanin duwatsu na ga wani abu ja yana tahowa a kan farin yashi, gabansa kumfa da kara da itatuwa suna birgima. Na gaba bai fi gwiwa ba, amma na bayansa ya fi shi tudu. A ruga na tashi, na san ruwan farko in ya sauka a busasshiyar ƙasa ba ya shiga, gangarowa yake yi gaba ɗaya. Dattawan sun ba shi baya, babanku kansa a sunkuye yana ƙulla igiya. Ni na fara ganinsa, ni kaɗai.

Na miƙe zumbur. Tsakanin yayarku da gaɓa bai wuce taku talatin ba, kuma ruwan da sauransa kafin ya iso. Na buɗe baki, sunan ya zo har kan harshena, na ji shi, sai idona ya faɗa kan Baffa da 'yan'uwan Inna. Wallahi ban yi shawara ba. Ban ce a raina kunya ta fi 'yata ba. Bakina ne kawai ya yi abin da ya saba yi shekara goma sha biyar.

"Ke! Ke yarinya!"

Ba ta juyo ba.

"Ke! Waccan! Fito!"

Hannunta bai daina dirza ba. Dattawan suka ɗago suna kallona, ba su san abin da ya tashe ni ba, mace tana ihu a gaban manya. Na fizgo Rabi da ƙarfi.

"Kira yayarki! Kira ta!"

Rabi, shekararki bakwai, ba na ganin laifinki. Kin dube ni, kin dubi inda nake nunawa, kin ga ruwan, maimakon kira sai kika tsandara ihu. Ihun ne ya sa babanku ya ɗago. Ya ga ruwan, ya ga 'yarsa.

"Dije!"

Sau ɗaya ya kira, ta juyo nan take. Makullin motar yana aljihunsa, hancinta yana kallon gangara, da ya faɗa ciki ya murɗa da ta fita. Ko kallon ƙofarta bai yi ba. Ya diro daga rufin ya sheƙa a guje cikin yashi. Ita ma ta saki tukunya ta taho, amma lokacin da ya kamata ta yi gudun ya riga ya wuce, na cinye shi da "ke" da "waccan". Ya kama hannunta ke nan ruwan ya iso.

Ya fara dukansu a ƙwauri suka yi taga-taga, kafin su yi taku biyar ya kai ƙugu, sai wani kututture ya zo ya share su. Na ga kan babanku, na ga ɗankwalinta yana tafiya shi kaɗai, sannan ban ga kowa ba. Ban san na fara gangarawa ba sai da na ji ɗaya daga cikin dattawan ya riƙo ni ta mayafi yana salati. Can wajen falalen dutsen suka ɓullo. Ruwan ya maka su a jikinsa, babanku ya cusa hannu ɗaya a wani tsagi, ɗayan kuma yana riƙe da ita ta ƙarƙashin hammata. Ƙafarta ta dama ta shige tsakanin dutsen da kututturen. Duk da ƙarar ruwan ina jin ihunta, har yau ina jin sa. Baffa da tsufansa ya ruga wurin maruƙa ya kunto dangwali, doguwar igiyar nan da ake ɗaure su a jere. Ya jefa ruwa ya ɗauke, ya sake jefawa ruwa ya ɗauke. A na uku babanku ya cafe ta da haƙori, don ba shi da hannun kamawa. Ita ta rungume wuyansa, shi ya naɗa igiyar a damtsensa. Allah ya sa wani itacen ya zo ya ture kututturen, ƙafar ta fita. Makiyaya sun ji hayaniya sun taho, suka haɗu da dattawan suka yi ta ja har suka fiddo su, su biyu, jina-jina, kaca-kaca da laka.

Motar kuwa a gabanmu ta ɗaga gindi, ta juya a hankali, ta kwanta a gefenta, ta tafi da katifa da risho da komai. Bayan kwana huɗu masunta suka nuna wa babanku rufinta a bakin dam, yashi ya cika ta har tagogi.

Kafin a ɗora yayarku a amalanken shanu zuwa bakin titi, Baffa ya ja ni gefe. Bai taɓa yi mini tambaya kai tsaye ba sai ranar.

"Me ya hana ki kiranta?"

"Kana wurin, Baffa. Ga su kawu."

Ya juya yana kallon ruwan, ya ce:

"Da kin kira, da dukanmu mun zama kurame."

Ƙashin ya karye wuri biyu. Maɗori ya yi nasa, asibiti suka yi nasu, ta warke, amma ƙafar ta gajarce. Shi ne ɗingishin da kuka saba gani har kuka daina lura da shi. Kafin mu iso gida labari ya riga mu, kuma ya iso da kai ɗaya kawai: direban da ya kai iyalinsa kwana cikin kogi. A tasha abin tsokana ya zama, in an ga hadari sai a ce masa, Direba, ga lokacin shan iska ya yi. 'Yan'uwansa suka zo har gida suka yi masa tatas a gabana, yayarsa tana cewa son burga ne da kwaikwayon abin da bai gada ba ya nakasa musu 'ya. Kansa a ƙasa, ba abin da yake cewa sai, kuskurena ne, a yi haƙuri. Ni ina gefe ana ba ni haƙuri, ana cewa baiwar Allah, miji ya ja ta daji. Motar nan ita ce sana'arsa. Ya koma tuƙa ta wasu, kuma har ƙarfinsa ya ƙare bai sake mallakar tasa ba.

Wata rana da hantsi ya dawo daga kai wa yayarku abinci a asibiti, ya zauna a tabarma yana cire takalmi. Na kasa jurewa.

"Malam, ni na fara ganin ruwan nan. Na yi kira, amma..."

"Malama," ya katse ni, "iska ake yi ranar. Ni ban ji komai ba."

"Ka ji."

"Ni na ajiye mota a cikin kogi. Kowa ya gani, kuma gaskiya ne. Namiji in an zage shi a tasha yau, gobe ma tashar zai koma. Ke in maganar nan ta fita, da wane ido yarinyar nan za ta dube ki? Ki bar shi a kaina."

Na bar shi a kansa. Abin bakin kogi bakina ne ya yi shi ba da shawarata ba, wannan kuwa da cikakken hankalina na yi, kuma na ji sauƙi da ya faɗi haka, abin da ya fi ba ni kunya ke nan. Za ku ce to ai daga ranar sai ki fara kiran sunanta. Ban fara ba. Da na fara, da kowa ya tambayi dalili. Na yi jinyarta, na wanke ta, na goya ta zuwa banɗaki tana budurwa, duk da "ke" da "waccan". Na yi mata kayan ɗaki da suka fi na Rabi, Rabi har ta yi fushi. Komai na ba ta ban da abu ɗaya. Saboda haka kada in sake jin wani a cikinku ya ɗora wa babanku abin da ya fi nasa. Nasa kuskuren na mota ne, kuma ya biya shi tun a cikin ruwa.

Abin da ya rage sai da na nemi izinin yayarku kafin in rubuta, ta ce in rubuta. Da na fita takaba na hau mota na tafi Kurugu, gidan aurenta. Na same ta da hantsi a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ƙafar a miƙe, yara duk sun tafi makaranta. Ta yi mini shimfiɗa, muka gaisa, ta kawo ruwa. Na jawo tiren gabana na kama taya ta, don in samu inda zan ajiye idona. Na gaya mata komai, tun daga maganar Baffa ta maruƙa har zuwa inda sunan ya tsaya mini a harshe. Na ce ƙafarta a wuyana take, ta yafe mini in za ta iya. Ba ta daina ɓara ba sai da na kai ƙarshe.

"Inna, ai na ji ki."

"Na'am?"

"Tun kiran farko na ji ki. Wa zai kasa gane muryar uwarsa? Kuma ni kaɗai ce a wurin, na san da ni kike."

"To me ya hana ki..."

"Ban san ruwa ba ne. Na ɗauka aike ne. Na ce a raina yau kam ba zan juyo ba sai kin kira ni da sunana, in ga ko kin san shi." Ta zuba 'yan ƙwayoyin da ke hannunta a kwano. "Shekarun nan duka ina kallon Baba yana tuƙa motar mutane, ina cewa taurin kaina ne ya cinye masa tasa. Ina asibiti na so in gaya masa. Ya ce in yi shiru, iska ake yi ranar, ba wanda ya ji komai."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da babanku. Ita ma ta yi. Da muka lafa na share fuska da bakin mayafi, na ce a raina yau kam zan kira. Ba Baffa, ba kawu, ba kowa a gidan sai kaji. Na dube ta ido cikin ido, abin da ban saba ba, na ja numfashi na buɗe baki. Ta gane. Ta ɗora hannunta a kan nawa a cikin tiren.

"Bar shi, Inna. A ranar nan na so in ji shi."

Muka ci gaba da ɓarar gyaɗa har aka kira azahar.